Tuwo Ya Sa Hula

Maman Hanifa ce ta kawo maganar, bayan ta dawo daga wani suna a Gwarinpa inda ta ji 'yar shekara uku tana Turanci ta hanci. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa gidanmu na Kubwa. Dole Hanifa ta shiga nazare ta kuɗi, kuma ba kowacce ba, sai wadda aka rubuta Montessori a allonta.

Na ɗan yi bincike. Ashe Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, kuma makarantarta ta farko a 1907 ta buɗe ta, a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, domin 'ya'yan leburori da ke gararamba idan iyaye sun tafi aiki. Na ce, "Maman Hanifa, ashe ma tamu ce." Ta ce in adana bayanin in yi wa mai karɓar kuɗi.

Ranar intabiyu muka ari motar yayanta, don tawa tun da aka cire tallafin mai a 2023 ta koma ɗakin kwanan magen maƙwabta. Na rubuto tambayoyi a takarda: yara nawa ne a aji, yaya banɗaki, akwai janareta? A zatona mu za mu duba makaranta. Mai gadi kuwa sai da ya ƙare wa motar kallo kafin ya amsa gaisuwata.

Ajin dai ba laifi. Sanyi, kafet, ƙamshi, komai ɗan ƙarami. Wani yaro yana kwasar wake da cokali daga kwano zuwa kwano, Anti na yi masa tafi. Wata kuma tana zane da yatsa a faranti cike da yashi. Hanifa ta ja mini riga, ta ce da ƙarfi, "Abba, wasan ƙasa suke! Su ba a dukansu?" Uwarta ta shiga gyara mayafi.

Aka nuna mini wata 'yar kujerar roba ja, na zauna gwiwoyina na neman taɓa gemuna. Anti ta ɗaga hoton tuffa. Hanifa ta ce tumatir. Ta ɗaga hoton mutum-mutumin ƙanƙara, irin wanda yaran Ingila ke yi da hunturu. Yarinyar da ko hazon Abuja bai cika damunta ba ta yi shiru, ta ƙura ido, can ta ce, "Tuwo ya sa hula." Ni dai har yau ban ga inda ta yi kuskure ba.

Shugabar makaranta ta juyo kanmu cikin Turanci, wai ina muke zuwa dogon hutu. Na gyara murya na ce mukan fita waje. Ban yi ƙarya ba, ai Funtuwa ba cikin Abuja take ba. Ta yaba motarmu, na yi godiya. Hanifa ta ce, "Ta Kawu ce, ya ce a dawo da ita kafin la'asar." Na kwantar da hankalina cewa matar ba ta ji ba, sai ta yi murmushi ta ce, "Allah sarki, to kada ku makara." Haifaffiyar Jos ce.

Na miƙe in yi sallama, kujera ta miƙe tare da ni. Anti na ja, Maman Hanifa na ja, yara na tafi, har ƙafa ɗaya ta ce ɓaras.

A hanya ina ta hamdala a zuci, don na tabbata mun faɗi. Bayan mako guda sai ga saƙo: suna taya mu murna, an ɗauki Hanifa, wai tana da basira. Maman Hanifa ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na bi takardar kuɗi layi-layi: na karatu, na gini, na yunifom, na iyo, na rawa, na gyaran lafazi. Zango ɗaya ya haura hayar gidanmu ta shekara. Can ƙasa kuma an ƙara layi guda: kujera, ja, ɗaya.