Jar Alhamis: Zuwa Ga Bawana Badamagare

Bawana, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Labari ya iske ni cewa tun da Nuwamba ta kama ka hana 'yan rumfar dillalai a Maigatari sakat da zancen wani bikin Faransawa. Wai sai ka gyara zaman hula, ka karya harshe, ka ce wayayyun mutane su ne masu yi wa sabuwar giya biki. Kai da ko lemon kwalba sai an saya maka! Tunda rabin zancen ka tsinto, zauna in cike maka, kada ka ci gaba da ba mu kunya a gaban baƙi.

Abin da kake ta murɗe baki wajen faɗa sunansa Beaujolais Nouveau, jar giya ce ta wani yanki da ke arewa da birnin Liyon, daga wani irin inabi da ake kira Gamay. Wajen Satumba ake tsinke shi, a zuba a tanki da ƙwayarsa ba a matse ba, ya yi 'yan kwanaki yana tsima, kafin wata biyu ta shiga kwalba. Su kansu mashayan sun yarda da tsohuwar zuma ake magani, giyar da suke ji da ita sai ta yi shekaru a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wannan kuwa ta gaggawa ce, asalinta ta leburorin gona da 'yan mashayar Liyon, in ta kwana biyu ma ba mai waiwayarta. A 1951 hukuma ta yarda a fito da ita kasuwa kafin sauran. Daga baya aka tsayar mata da 15 ga Nuwamba, a 1985 kuma aka mai da abin Alhamis ta uku ta watan, don shagalin ya zarce ƙarshen mako. Sharaɗi ɗaya ne: ba mai sayar da ko kwalba guda sai sha biyun dare ta buga.

Hanin nan shi ne jarin, kai kuwa shi ne ba ka gano ba. Da aka ce wa mutane ba a taɓawa sai rana kaza, sai kowa ya ƙagu. A garin Beaujeu kwana biyar ake kwashewa ana shagali, a yi jerin gwano da wutar kiraren inabi, tsakar dare a fasa gangar farko. A Liyon gangunan ake mirginawa a kan titi. Turawan Ingila a shekarun 1970 har tseren mota suka riƙa yi, a ga wanda zai riga kai kwalba Landan. Wani ɗan kasuwa, Georges Duboeuf, wanda ya mutu a 2020, ya ƙawata kwalabensa da zanen furanni ya bi duniya da talla. Japan ta zama babbar mai saye a waje, kuma da yake darensu na riga na Faransa rabawa da awa takwas, su ke fara buɗewa kafin masu ita. A Hakone har cikin tafkin wanka ake tuttula ta mutane su shiga su jiƙu. Nan dai na san ba za a gan ka ba, tunda da wanka a ciki kuma ga hunturu.

Ni ba na sha. Kai ma in ka taɓa sha, ba a Jigawa ba, kuma ba da sanina ba. Amma ɗaga kai ka dubi inda kake zaune kana wannan surutu. Wace rana kasuwar Maigatari ke ci? Alhamis. Wane jan kaya ne ke fara shigowa daidai wannan lokaci? Zoɓo, daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da Gumel, har da wanda 'yan uwanka ke turowa a amalanke ta wajen Dungas. Ka taɓa tsayawa ka kalli dillali yana duba sabon zoɓo? Ba ya yarda da na bakin buhu. Hannu yake zurawa har gwiwa ya damƙo na ciki, ya matse ya ji ko da sauran laima, ya karkaɗe a tafin hannu ya ga yawan yashi da gurguzu, sannan ya kai hanci. Na bana jansa har baƙi-baƙi yake yi, tsaminsa na tashi tun daga nesa. Na bara ya koɗe, kana taɓawa yana marmashewa. Kafin ya iso nan mata ne suka zauna a gindin bishiya suna ɓare shi ɗaya bayan ɗaya daga ƙwallonsa, ƙaiƙayi na cin hannu, yatsu sun rine kamar an sa lalle. A dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace, a sa ƙanƙara. Ka faɗa mini abin da jar Faransa ta fi shi, ban da sa mutum tangaɗi.

Sai dai namu ba ya da rana, ba ya da suna. A loda shi a tirela zuwa Kano, mata su tsince a sito, a danna a kwantena, sai Legas, sai Meziko, inda suke shan sa da sanyi a kowane lungu. Mai sha a can bai taɓa jin sunan Gagarawa ba. A 2018 da suka ce sun ga ƙwaro a cikin kayan suka rufe ƙofa, manomin nan ne ya ji a jikinsa, don ba shi da wani mai saye da ke neman nasa da sunansa. Ga yankin ciniki marar haraji an kafa a Maigatari tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga iyaka a bakin ƙofa, wadda tana cikin huɗun farko da aka sake buɗewa a Disambar 2020. Duk da haka buhu muke sayarwa, Bafaranshe yana sayar da ranar Alhamis.

Laifin kuwa naku ne. Mu Ingilishi aka haɗa mu da shi, abin da ya koya mana shi ne tara dalar gyaɗa a loda a jirgin ƙasa. Ku da kuka zauna da gwanayen talla tun 1899, me kuka kwaso? Dogon burodi da ɗaga kafaɗa. Kun zo da igwa zamanin Sarki Alu kuna neman Kano, kuka koma ba ku shiga ba. Faransawa suka ɗauke muku hedikwata a 1926 suka kai Yamai, ba ku ce uffan ba. Yanzu sojojinsu sun tattara sun bar ƙasarku tun 2023, amma kai har yau kana yi musu sanƙira kyauta.

Kuma ba wai biki baƙonmu ba ne. Tun kafin a san Beaujolais a Landan ƙauyukanmu ke kalankuwa in an kai amfani gida, a yi dambe da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa har dare ya raba. Yaron da ya taɓa gasa tumu a bakin gona ya san ɗokin sabon abu ba sai an karanta masa da Faransanci ba.

Saboda haka ga shawara, ka kai wa mutanenku. A ware Alhamis guda a ƙarshen Nuwamba a ce ta sabon zoɓo ce. Ban ce a hana sayarwa kafin ranar ba, don manomin da bashin taki ke wuyansa ba zai jira ranar kowa ba, kuma yana da gaskiya. A dai jera randuna a bakin kasuwa, matan Gumel su dafa nasu, na Sule Tankarkar su dafa nasu, masu saye daga Kano da Legas su ɗanɗana su faɗi wanda ya fi. Buhun da ya ci a buga masa sunan garinsu ɓaro-ɓaro, ya tafi da shi har inda za shi. Ku Damagarawa ma a ba ku randa ɗaya a can gefe, kusa da turken raƙuma, kada a ce mun yi zalunci.

Kai kuma na riga na yi maka aiki. Tunda ka iya mirgina ganga da baki, ranar za ka yi dakon buhu daga amalanke zuwa sikeli. In kana tahowa ka haɗo da kuɗin sharata na bara da na bana, kuma da sefa, kada ka kuskura ka canza su ka kawo mini naira.