Yadda Linux Ya Yafe wa Layinmu Bashin Taransifoma

Ni malamin lissafi ne, kuma sakataren ƙungiyar masu gidaje ta layinmu a Kamazou. Muƙami na biyu ba a biyan ko sisi a kansa, amma ya fi na farko haɗari, domin a hannuna lissafin kuɗin gyaran taransifoma yake: wanda ya biya, wanda ya ba da rabi, da wanda tun bara yake jiran ƙarshen wata. Shekara da shekaru a wani littafi mai jan bango ake rubuta wannan lissafi, har ranar da na miƙe a taro na yi wa dattawa jawabi cewa duniya ta bar takarda. Aka tafa mini. Na kwashe sunaye na zuba a kwamfuta, littafin kuma uwargida ta haɗa shi da tsofaffin takardun jarrabawa ta kai wa mai ƙosai.

Tsohuwar kwamfutata Windows 10 ke kanta, shi kuwa wa'adin kula da shi ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma ba ya hawa kanta, saboda ba ta da ɗan guntun na'urar tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Sai na ci bashin kofaratib, na bi titin Yakowa na haye kogi zuwa cikin gari, na dawo da sabuwa fil a kwalinta. Yaron shagon ya yi mini kirki, ya ce in zauna in sha lemo shi zai saita mini komai. Ku riƙe wannan kirkin a ranku. Da na iso gida na juye fayilolina a sabuwar, na goge tsohuwar tas, ƙanwar uwargida ta tafi da ita Kafanchan.

Ana haka sai ɗan yayata ya zo hutu. Kwamfuta yake karanta a Zariya, kuma tun ranar da ya samu gurbi muke kiransa Injiniya. Ya dubi sabuwar kwamfutata cikin tausayi.

“Kawu, da ka tambaye ni ai da ba ka ci bashi ba. Linux za mu sa wa tsohuwar, ta tashi da gudu.”

Daga nan ya buɗe wa'azi. Wani ɗalibi ne, Linus Torvalds, ya fara shi a Helsinki a 1991. Yau a kansa akasarin manyan kwamfutocin intanet suke aiki, kai har wayar Android da ke aljihuna a kansa aka gina ta. Nau'in da zai sa mini sunansa Ubuntu, wanda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da shi a 2004. Ba lasisi, ba kuɗi. Tun da tsohuwar ta yi nisa, za a ɗora shi a sabuwar, gefe da gefe da Windows, in riƙa zaɓen wanda nake so.

“Minti ashirin, Kawu.”

Kyautar ta fara da sayen data. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya doshi gigabait 6, saboda haka muka jira garaɓasar dare. A gidana kuwa sabis ba ya shiga ɗaki. Wuri ɗaya yake sauka, kan dandamalin tankin ruwa a bayan gida. Nan muka raba dare, ni da Injiniya da sauro. Can tsakar dare 'yan sintirin unguwa suka hango haske a saman katanga, suka dalle mu da tocila.

“Malam, kai ne? Lafiya dai?”

Na ce muna sauke manhaja ne. Shugabansu ya dubi tankin, ya dube ni, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce. Washegari mata suka fara yi wa uwargida sannu da haƙuri.

Filashin da na saya a hannun wani mai tire a Sabon Tasha an rubuta masa gigabait 64. Ashe irin na jabun nan ne: yana gaya wa kwamfuta shi babba ne alhali cikinsa ƙarami, idan ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho bai ce uffan ba. Araha ba ta ado. Muka aro na maƙwabci.

Sai neman ƙofar shiga. Kafin kwamfuta ta tashi daga filashi dole a tare ta a daƙiƙun farko a danna wani maɓalli, kuma kowane kamfani da nasa: wani F2, wani F12, wani F9, wani Esc. Kwamfutocin zamanin da sai sun yi miƙa sun yi hamma, mutum ya samu sarari. Ta yanzu kafin ka ɗaga yatsa ta kai Windows tana yi maka barka da zuwa. Muka raba aiki. Ni F2, Injiniya F12, 'yata ta fari Esc, auta kuma aka ba shi F9, ya haɗa da duk na kusa da shi. Uwargida ta leƙo ta tarar an yi wa kwamfuta taron dangi.

“Maigida, wannan ce ta bashin kofaratib ɗin?”

Na ce ita ce.

Ta ce, “To.”

Duk mai aure ya san nauyin wannan “to”.

Da muka samu shiga muka zaɓi filashin, sai kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Dalili kuwa, tun fitowar Windows 8 a 2012 sababbin kwamfutoci suka bar tsohon BIOS suka koma UEFI, mai ɗauke da wani tsari da ake kira Secure Boot. Aikinsa duba sa hannun duk manhajar da ke son tada kwamfuta, don kada muguwa ta riga kowa shiga ta ɓuya. Ubuntu yana da ingantaccen sa hannu, amma wasu sababbin kwamfutocin suna fitowa an kashe musu amincewa da sa hannun baƙi, sai mai ita ya kunna da kansa. Maigadi ne mai tsananin biyayya, wanda aka ce kada ya bar kowa ya wuce sai da kati, ya kuwa riƙe umarnin har a kan mai gidan da baƙonsa. Injiniya bai tsaya neman inda ake kunna amincewar ba. Ya kashe Secure Boot ɗungurungum, sannan ya bi sauran shafukan yana danne-danne da ƙarfin gwiwar wanda ba shi ya ci bashi ba.

Ubuntu ya fito, kuma in faɗi gaskiya kyakkyawa ne. Sai dai babu Wi-Fi, domin katin da ke cikin kwamfutar ya fi manhajar sabunta, direbansa bai zo tare da ita ba. Magani, in ji Injiniya, a sauko da direban daga intanet. Na ce da wane intanet ɗin? Ya ce wannan tambaya ce mai kyau. Muka jona wayata da igiya tana ba kwamfuta data. Wurin shafawa da yatsa ma ya ƙi motsi, muka ɗauko linzami marar igiya, ba batir, aka cire na agogon bangon falo aka sa masa. Bayan duk wannan, manhajar ɗorawa ta sanar da mu cikin ladabi cewa ma'ajiyar kwamfutar a kulle take da BitLocker, mu koma Windows mu kwance tukuna.

Muka koma. Allo ya yi shuɗi, ya ce a shigar da mabuɗin ceto mai lamba 48.

BitLocker yana hargitsa duk abin da ke cikin ma'ajiya yadda ko ɓarawo ya cire ta ba zai karanta komai ba. Mabuɗin yana zaune cikin TPM, shi kuwa ba ya sakinsa sai ya ga kwamfuta ta tashi yadda ta saba. Injiniya ya mayar da Secure Boot, wanda a ka'ida ya isa ya kashe maganar. Allo ya ci gaba da shuɗinsa. Yaron ya sosa ƙeya.

“Kawu, kamar na share TPM.”

“Kamar, ko ka share?”

“Ta tambaye ni ne, ni kuma na ce e.”

Lissafin taransifoma na ciki, taro kuma ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma. Na roƙi mutanen gida kada maganar ta fita. Kafin magariba ta kai ƙarshen layi. Ban taɓa sanin ina zaune cikin mutane masu cika alkawari haka ba. Wanda ya shekara yana canza hanya idan ya hango ni, sai ga shi da kansa a ƙofar gidana, ya zo jaje, ya kuma tuna mini cewa ya biya tun kafin damina, har na ce masa na gode. Wata hajiya mai gidajen haya ta aiko a gaya mini ta biya har da na baɗi. Wani dattijon coci ya ce shi ba ya son tada magana, amma yana jin ƙungiya ce ma ke riƙe da canjinsa. Da safe na aiki auta sayen ƙosai, sai ga rubutun hannuna a jikin takardar, shafin watan Maris, mai ya jiƙe daidai layin masu bashi. Na garzaya wurin mai ƙosan. Ta ce ai littafin ya yi albarka, a wannan shafin ya ƙare.

A nan kirkin yaron shago ya dawo. Windows yakan ajiye kwafin mabuɗin ceto a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfuta, shi kuwa yaron da imel ɗinsa ya saita tawa ina shan lemo. Wato mabuɗin kwamfutata, da na duk wanda ya taɓa shan lemo a shagon, yana aljihun mutum ɗaya. Mutumin kuma ya tafi biki wani ƙauye a bayan Kachia. Da ƙyar aka same shi, ya hau tudu don sabis, ana ta kaɗe-kaɗe a bayansa. Ya lalubo nawa cikin jerin mabuɗai ya fara karantowa, rukuni takwas, kowanne lamba shida. Iska na kaɗawa, ganga na tashi, bakwai da takwas suka zama abu ɗaya a kunnena.

Nan ne shekarun da na yi ina shan ƙurar alli suka biya ni. Kowane rukuni na mabuɗin BitLocker yana rabuwa da 11 ba saura, an tsara shi haka don kama kuskuren bugawa. Na ɗauko biro. Duk inda na yi shakka, sai in gwada da bakwai in gwada da takwas, wanda ya rabu shi ne. Injiniya ya tsaya baki buɗe. Sai da muka zo wani rukuni mai lambobi biyu na shakka a jere, inda 77 da 88 duk suka rabu, na sa yaron ya ƙirga mini da bugun murfin kwalba a jikin waya. Takwas ne. Kwamfuta ta buɗe. Na dubi 'ya'yana na ce gobe wani ya sake tambayata amfanin lissafi.

Daren Juma'a aka kwance BitLocker, aka ɗora Ubuntu, wani baƙin allo mai suna GRUB ya fara tambayata wanne nake so duk sa'ad da na kunna. Ranar Asabar na koma Windows na gyara jerin masu bashi, na ja wa manyansu layi, na buga. An ɗauke wuta tun safe, wayata tana wurin mai caji, agogon bango kuma yana nan tsaye inda aka zare masa batir. Na dubi kusurwar allo, ƙarfe huɗu saura kwata. Na sa babbar riga na fita cikin natsuwa.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, Linux yana saita agogon cikin kwamfuta a kan agogon GMT, sannan ya ƙara awa ɗayan Najeriya wajen nunawa. Windows kuwa abin da ya tarar a agogon shi yake ɗauka a matsayin lokacin gida. Duk wanda ya fito daga wancan ya shiga wannan ba intanet, awa ɗaya zai gani a baya.

Na isa gindin mangwaron gidan ciyaman ana addu'ar rufewa. Na ɗaga takarduna na ce lissafi ya fito. Ciyaman ya ce in zauna. An riga an kawo shawara, an goya baya, an kaɗa ƙuri'a ba hamayya: tun da bayanai sun salwanta, don zaman lafiya an yafe duk bashin baya, kowa zai fara daga sifili. An kuma amince a koma littafi, sakatare ne zai saya, daga aljihunsa. Na ce ai ga shaida a hannuna. Ya ce abin da taro ya zartar sai wani taron, kuma ni na rubuta wannan dokar.

Ana watsewa, mutumin da sunansa ke saman jerin, wanda na ja wa layi biyu, ya riƙo hannuna ya ja ni gefe. Ya ce ya yaba da ƙoƙarina ƙwarai, irinmu ƙasar nan take buƙata. Sannan ya rage murya.

“Malam, yaron nan naka yaushe zai koma makaranta? Sakataren kofaratib ɗinmu ma ya sayi sabuwar kwamfuta, ina so a taimaka masa da wannan Linux ɗin.”