Masu Zuba da Masu Likimo a Majalisar Indabo

Larabawan da ba su bar mai surutu da suna ɗaya ba. Duk wanda ya ja Maƙamatul Hariri a zaure, ko ya leƙa Ƙamus na Fairuzabadi, ya san haka. Mutanen da suka raɗa wa sunayen kuwa suna nan a Indabo, kan benci ɗaya, bayan la'asar.

Ga sarsar nan. Kana ce masa "ina wuni", sai ya kwance maka kasuwar Wudil ta Juma'ar da ta wuce, sa bayan sa, har da wanda dillali ya ƙi sallamawa. Shayinka ya huce, shi yana kan saniya ta uku. Ƙanensa mihzar ya fi shi sharri. Sarsar ko ba komai ya je kasuwar, mihzar kuwa yana gida kwance, amma ya fi dillalin sanin farashi.

Wanda na fi tsoro shi ne mutafaihiƙ, mai cika baki da manyan kalmomi. Zango ɗaya ya yi a jami'ar Wudil, tun daga nan ba ya iya cewa taki ya yi tsada sai ya biyo da kai ta Rasha da farashin dala. Hadisin Tirmizi ya haɗa shi da sarsar cikin waɗanda Manzon Allah (SAW) ba ya so. Ka karanta masa, sai ya gyara maka wasali.

Masu lafewa ma an san da su. Jussama ya manne da tabarma, ko jana'iza sai ta biyo ta ƙofarsa. Nuwama ba a jin ɗuriyarsa, musamman ranar karo-karon gyaran famfo; ranar rabon taki kuwa shi ne na farko a layi. Sai sikkit, ba ya cewa uffan, kai kawai yake gyaɗawa. Kafin isha'i ya juye wa uwargida komai, da safe gari ya ɗauka.

Kada ku ɗauka shiru gado ne. Mahaifin Ibnus Sikkit saboda yawan shiru ya sami laƙabin. Ɗan ya zama gwanin lugga, ya rubuta Islahul Manɗiƙ, ya koyar da 'ya'yan Halifa Mutawakkil. A shekarar 858 halifan ya sa aka kashe shi saboda amsa ɗaya da ya ba shi.