Wasiƙar Neman Biyan Bashi Zuwa ga Mai Girma Teku

Ranki ya daɗe, ta hannun tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Yawon bakin teku al'ada ce ta mutanen Ingila da Kaliforniya. Mutum ya sa wa karensa igiya, ya bi siririyar hanya a kan gaɓa mai tsayi, ruwa na dukan duwatsu can ƙasa, ba kasuwa za shi ba, ba gona ba, iska kawai yake sha. Mutanen Belbeji ba su da rabo a wannan, don tsakaninsu da gaɓa mafi kusa ya haura kilomita 900. Laifin na Teku ne, kuma akwai shaida.

Kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, Teku ta kwanta a kan Damargu, yankin da Belbeji take. Da ta tashi tafiya ko sallama ba ta yi ba. Sai dai ta manta kayanta: a tuddan Tanut har gobe ana tsintar ƙwanson dabbobin ruwa, naɗaɗɗu kamar gammo, sun zama dutse. Masana sun kwashi wasu, har wani jinsi ya sami suna Nigericeras. Wanda kuwa ya bar kayansa a ɗaki bai tashi ba, bulaguro ya yi.

Duk sauran abin da yawon ke bukata an tanada. Tuddai na nan. Kwarin Tarka shimfiɗe yake, yana jira. Shiru ma ya yi yawa, in aka ɗebe ranar kasuwa. Tun 2011 Belbeji ta rabu da Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta, saboda haka akwai hukumar da za ta tarbi baƙuwa.

Maganar kare ce ke son bayani. Karen makiyayan Damargu dogo ne, siririn ciki, bai san igiya ba, bai kuma san yawon banza ba. Aikinsa tsare awaki daga dila, da korar zomo in hali ya yi. Babban abokin gabarsa ƙarangiya. Da kaka ta yi, sai a ga ya yi taku uku ya tsaya, ya ɗaga ƙafa, ya sa haƙori yana cire ƙaya, ya sake tashi. Dabbar da ta sha wannan wuya ta cancanci rairayi mai laima ko da sau ɗaya ne.

Ba a musun cewa Teku na ɗan rage bashi. Iskar damina daga wajenta take tasowa, amma abin da ke isowa nan da ƙyar yake kai milimita 300 a shekara, wani lokacin ma a makare.

Don haka ana roƙon Mai Girma abu biyu. In za ta dawo, ta bari a ɗaure dammunan gero tukuna, ta kuma kauce wa rumbuna. In dawowar ta gagara, ta ƙara ruwan Agusta, tabkuna su cika, karnuka su sami inda za su jiƙa ƙafa.

Daga jama'ar Belbeji da karnukansu. A huta lafiya.