Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar 'Yan Ƙungiya

Shugaban ƙungiyar 'yan hatsi ta kasuwarmu ya miƙo mini filas, ya ce, "Yaro, ga sunayen membobinmu nan kaf. Ka zuba su a rumbun bayanan nan naka, muna da taro." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kamar an yi an gama."

Dama na tsara teburi a PostgreSQL mai gurbi biyar: suna, lambar waya, adireshi, ranar shiga, kuɗin wata. Fayil irin na CSV kuwa ƙa'idarsa ba wuya, kowane mutum layi ɗaya, waƙafi ke raba gurbi da gurbi. Na ba da umarnin COPY, na miƙe ƙafa. Kafin ƙiftawa da bismillah ya dawo mini da kayana, wai bayani ya fi gurbi yawa. Halinsa ke nan: wake ɗaya shi ke ɓata gari, layi guda ya gurgunce, ko mutum ɗaya ba zai shiga ba.

Na buɗe fayil ɗin, sai na yi salati. Ashe duk sakataren da aka taɓa yi ya bar tarihinsa a ciki. Ga adireshin wani bawan Allah: Layin Masallaci, bayan gidan mai, kusa da mai niƙa, ka tambayi Hajiya. A lissafin kwamfuta, mutumin nan ya shiga ƙungiya ranar "bayan gidan mai", yana kuma biyan "kusa da mai niƙa" duk wata. Hajiya ce ta rasa wurin zama. Tun 2005 takardar RFC 4180 ta ce a killace irin wannan da alamar zancen wani. Sakatare bai taɓa jin labarinta ba, ni kuma ban ga laifinsa ba. Don mutum ya rubuta, kuma ko ɗan acaɓa ka ba wa kwatancen nan, sai ya kai ka ƙofar gidan.

Gurbin kuɗi ya fi ban tausayi. Wani N5,000 da waƙafinsa a tsakiya, wani 5k, wani dubu biyar, wani "ya ce sai ranar kasuwa". Can ƙasa na ci karo da "Allah ya jiƙan rai".

Lambobin waya sun bi ta Excel, shi kuwa ba ya ga maciji da sifilin farko, ya haɗiye shi, lamba 11 ta koma 10. Wasu ma an adana su a matsayin 8.03E+09, sauran lambobin sun tafi ke nan. Shugaba ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wannan kuma layin wace ƙasa ne?"

Kwanan wata ma da nasa. Kwamfutata irin karatun Amurka take yi, wata kafin rana. Ta ƙi 25/04/2019 ƙememe, amma 03/04/2019 ta karɓa shiru, ta mai da 3 ga Afrilu 4 ga Maris. Wanda ya shiga "bayan Babbar Sallah" ban ma kai mata shi ba.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. An rubuta su da tsarin UTF-8, wani ya buɗe da tsohon tsarin Windows ya sake adanawa. Ɗanladi ya zama ÆŠanladi, kowace ƙ ta koma Æ™, har da tambarin mallakar kamfani, alhali mai ƙosai ce kawai. Da na koma tura layukan ɗai-ɗai da INSERT, sai Sa'idu ya tsaya a ƙofa: ɗan waƙafin saman sunansa shi ne alamar rufe zance a yaren SQL, sai an ninka shi biyu. Mu kuwa Sa'idu da Mas'udu da Mu'azu ai ba mu da talaucinsu.

Daga ƙarshe na juye komai a teburin wucin gadi mai gurbi ɗaya, na bi layi-layi ina tsincewa, Sakatare na gefena yana fassara mini magabatansa. Sai da aka yi isha'i muka gama. Shugaba ya sa albarka, ya ce a buga masa a takarda, akwai sababbin membobi da za a ƙara da biro.

Jama'a, duk sakataren da ke karanta wannan, don girman Allah a gurbin kuɗi a sa lamba. Ta'aziyya a kai ta gidan mamaci.