Delegenmu da shekarar korona

Mu nan Gaya, in ma'aikacin gwamnati ya shiga matsala, gidan delege, wato wakilinmu a sandika (ƙungiyar ƙwadago), yake fara nufa kafin ofishin shugaba. Albashi ya makara, delege. An yi wa mutum canjin wurin aiki ba shiri, delege. Matar wani ta haihu, shi ne zai zagaya da takarda ana rubuta jika-jika. Haka muka taso muka tarar, kuma har yau in hira ta yi nisa a fada, sai an tabo yadda wannan ɗabi'a tamu ta riƙe mu a shekarar korona.

Ranar 19 ga Maris 2020 aka samu mutum na farko da cutar a Yamai, a kwanakin kuma aka rufe iyakoki. To amma mutane aka hana wucewa, kaya ba a tsayar da su ba. Manyan motoci daga Kwatano suka ci gaba da hawa gadar Malanbil, ga 'yan duwan, ga jandarmomi, ga ma'aikatan lafiya masu auna zafin jiki, kowa yana karɓar takardu hannu da hannu daga direbobin da suka ratso ƙasar Benin tun daga bakin teku. Ta wajen Kamba kuwa, Najeriya ta riga ta rufe nata tun Agustan 2019. Wasu a birane an ce su zauna gida. Mu aikinmu a bakin gada yake.

An hana taron da ya wuce mutum hamsin, don haka babu babban taron sandika. Sai WhatsApp ya zama zaurenmu. Dattijon da ke wakiltarmu yakan aiko murya bayan sallar isha'i: "'Yan uwa, wa bai samu takunkumi ba? Wa ke da ciwon suga ko hawan jini, mu nema masa sauƙin aiki?" Ya kai kuka sama, kafin amsa ta dawo mun haɗa kuɗi, telan unguwa ya ɗinka takunkumin atamfa, an sayi bokiti mai famfo da sabulu an ajiye a ƙofa. Da labari ya zo cewa cutar ta ɗauke ministan ƙwadago da kansa, Mohamed Ben Omar, ranar 3 ga Mayu, har masu cewa ciwon Turawa ne suka fara wanke hannu.

Ga inda abin ke ci mini rai. A lokacin, SUSAS na magana da yawun ma'aikatan lafiya, 'yan duwan na da SNAD, manyan ƙungiyoyi irin su CDTN da USTN suna zama da gwamnati a Yamai. Mai shara fa? Mai gadi fa? Yaran da ke aikin sa-kai shekara da shekaru ba su da lambar aiki fa? Su suka fi kowa taɓa ƙofa da datti, kuma ba su cikin kundin kowa. Wata hajiya a wurin aikinmu ce ta tsaya kai da fata. Ta ce wa delege, "Baba, in za a raba, a fara da su." Aka fara da su, wanda ya kwanta ciwo aka kai wa iyalinsa shinkafa da mai. Wannan ya yi kyau, sai dai alheri ne muka yi musu, alhali haƙƙinsu ne a ce an rubuta shi a takarda.

An buɗe iyakoki a watan Yunin 2021, motocin fasinja suka dawo, kowa ya koma harkarsa. Maganar dai ba mu sake ta ba. Yanzu duk wanda ya fito neman zama delege, tambayar da muke fara yi masa ita ce ko zai sa sunan mai shara da mai gadi cikin takardar koke. In ya fara kame-kame, ba ma ɗaga masa hannu.