Kafin Ka Shigo da Intanet Gida a Agiye

Kada ka kai ko jikka ɗaya shago sai ka yi aron layi. Ari na Airtel wajen ƙanenka, na Moov wajen maƙwabci, ka nemo na Niger Telecom da na Zamani, wanda wasu har yau suke kira Orange ko da yake an sayar da kamfanin tun 2019. Sai ka zaga gida da salula a hannu: zaure, ɗakin uwargida, gindin rumbu. In yara suka biyo ka suna tambayar me ya ɓace, ce musu rezo. Wanda ke cika a bakin kwaltar Maraɗi zuwa Tasawa ba lallai ya tsallako katangar laka ya same ka ba. Gwada da hantsi, ka sake gwadawa bayan lisha, lokacin da samarin gari suka duƙufa kan TikTok. Layin da ya tsira a wannan sa'a shi ne naka.

Akwatin wifi kuwa, a sama ake aje shi, kusa da taga, nesa da zafin kwano. Ka roƙi Hajiya kada ta lulluɓe shi da ƙyallen ado kamar kwanukan amarya. Iska yake so, musamman a watan Afrilu.

Sai wuta. Ta yankinmu daga Katsina take shigowa ta Gazawa, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke ta. Tanadi ƙaramin fano mai aiki da rana da batir. Akwatin ba shi da ci. Wayar kuma a ɗaga ta inda akuya ba ta kaiwa.

Mai hali yana iya sayen Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025. Kayan da tsada, ga kuɗin wata, kuma faifan yana son sararin sama ba ganye ko ɗaya a gabansa. Don Allah kada ka sare gawo saboda shi. Mutanen Ɗan Saga sun yi shekaru suna renon itatuwa a gonaki har aka san Agiye da su. Faifan ne zai matsa, ka hau da shi bisa soro.

Lambar sirri ita ce babbar magana. Ban da sunan autanka, ban da 12345678, don ɗan firamare ma zai gano su kafin shayi ya tafasa. Ranar da ka ga fadar samari ta ɗauko buta da gawayi ta dawo jikin katangarka, ka tabbata lambar ta fita. Ba rowa nake koya maka ba: kira su zaure, ku yi magana, kowa ya sa abin da ya samu a kuɗin wata. Sannan ka shiga WhatsApp ɗin kowa na gida ka kashe saukar bidiyo da kansa, domin gaisuwar Juma'a ta dangi kaɗai tana iya cinye megan da ɗiyarka za ta yi aikin makaranta da shi.